Spitfire ko Mustang: tsakanin jiragen yaƙin Ingila da na Amurka, wanne ya fi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Baba Injiniya. Ni ɗalibi ne mai karatun kanikanci. Gardama ce ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanina da abokina. Shi ya ce a Yaƙin Duniya na Biyu babu jirgin yaƙi mai farfela da ya kama ƙafar Spitfire na Ingila, ni kuma na ce Mustang na Amurka ya fi shi tunda ya fi shi gudu. Don Allah a raba mana gardama: jiragen wa suka fi, na Ingila ko na Amurka? Kuma da gaske ne irin waɗannan jirage sun taɓa sauka a Kano?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi wa karatu albarka. Wannan gardama ta girme ku, domin matuƙan da suka hau jiragen da kansu sun yi ta har suka tsufa. Zan faɗa maka ra'ayina ba ɓoye-ɓoye, amma ka yi haƙuri mu bi ta cikin inji tukuna.

Inda kuka ɗauko maganar, wato gudu, nan ne ku duka biyun kuka saki hanya. Spitfire na farko da ya shiga aiki a 1938 yana yin kamar kilomita 570 a awa. Samfurinsa na 14, wanda ya fito a farkon 1944 da injin Griffon, yana kusan 720, ya ɗara Mustang samfurin D mai yin kamar 700. Suna ɗaya suke amsawa, amma inji daban, nauyi daban, hali daban. Saboda haka duk wanda ya ce maka "Spitfire", tambaye shi wanne, na wace shekara, kuma a wane tsayi aka auna gudun. Ni dai a shekarun da na yi ina kwance inji mai fistin ina ɗaurawa, abu biyu na ga suna fallasa halin jirgi: yawan man da cikinsa ke ɗauka, da tsayin da injinsa ke fara haki.

Mu fara da mai. Spitfire na 1940 lita 386 kacal yake ɗauka, a tankuna biyu da ke tsakanin matuƙi da inji. Mustang na 1944 yana da kusan lita 700 a cikin fukafukai, ga wani tanki bayan kujerar matuƙi mai lita 320, jimla ya haura 1,000, tun kafin a rataya masa tankuna biyu na yarwa a ƙarƙashin fukafukai. Wannan bambanci ba kuskuren kowa ba ne. Reginald Mitchell, wanda ya zana Spitfire, da Sydney Camm, wanda ya zana Hurricane, ɗayan jirgin faɗan Ingila, aiki ɗaya aka ɗora musu: tsaron gida. Tekun da ya raba Ingila da Faransa kilomita 34 ne a inda ya fi tsukewa. Na'urar hangen jirage za ta gano ayarin abokan gaba, a buga waya, matuƙa su ruga su hau, kuma cikin 'yan mintoci a so su kai mita 6,000 sama. Kowace lita da ka ƙara nauyi ce da za ta rage maka saurin hawa. Mai gadin ƙofar gida ba ya ɗaukar guzuri. Amurka kuwa tekuna biyu ne suka sa ta tsakiya, ƙasar kanta faɗi gare ta, duk inda za ta yi yaƙi sai ta yi tafiya. Jiragenta tun daga takarda manya ne, masu nauyi, masu ciki.

A 1940 lissafin Ingilawa ne ya yi daidai, kuma ina so ka riƙe wannan da kyau. Tsakanin Yuli da Oktoba na shekarar, lokacin da Jamus ta yi yunƙurin karya rundunar saman Birtaniya, Amurka ba ta da jirgi ko ɗaya a bakin aiki da zai iya karawa da Messerschmitt 109 na Jamus a can sama. Abokinka kuma ya sani cewa ba Spitfire ne ya ɗauki mafi yawan nauyin wannan yaƙi ba. Hurricane ya fi shi yawa, ya kuma fi shi kakkaɓo jirage. Bai kai shi gudu ba, amma bayan jikinsa bututun ƙarfe ne da katako aka lulluɓe da yadi, harsashi yakan ratsa ya wuce, makaniki ya manna faci a filin jirgin, gobe ya sake tashi. Jikin Spitfire kuwa farantin alminiyam ne da ke ɗauke da nauyin kansa, gyaransa sai ƙwararru. Mu makanikai ba ma raina Hurricane.

Yanzu ga numfashi, kuma a nan zan daɗe, domin nan ne asirin yake. Injin fistin kamar maƙera yake, wuta ba ta ci sai da iska. Idan jirgi ya kai mita 5,500, matsin iska ya ragu da rabi, inji kuma ya rasa kusan rabin ƙarfinsa. Maganin shi ne zugazugi: wata fanka mai juyawa da matsanancin sauri tana danna iska cikin inji, abin da muke kira supacaja. Ƙasashen biyu hanya daban suka bi. Rolls-Royce na Ingila, masu ƙera Merlin, injin Spitfire da Hurricane, sun haɗa fankar da giya, injin da kansa ke juya ta, kuma suka duƙufa wajen gyara ta shekara da shekaru. Wani masanin lissafi mai suna Stanley Hooker ya shiga kamfanin a 1938, ya sake fasalin hanyar iskar. Zuwa 1942 sun fito da Merlin 61 mai fanka biyu, ɗaya na tura wa ɗaya, da na'urar sanyaya iskar kafin ta shiga silinda. Injin nan lita 27 ne tun farko har ƙarshe, amma ya tashi daga ƙarfin doki kamar 1,030 zuwa sama da 1,600. Da jirgin Focke-Wulf 190 na Jamus ya bayyana a ƙarshen 1941 ya riƙa cin Spitfire samfuri na 5 kamar ba gobe, wannan injin aka cusa a jikinsa aka samu samfuri na 9, aka dawo da martaba.

Sojan Amurka su kuma sun dogara ga turbo, wanda hayaƙin salansa ke juyawa. Dabara ce mai kyau, domin ƙarfin da zai tafi a banza ake amfani da shi, kuma a can ƙololuwa babu kamarta. Sai dai tana cin wuri. Dubi P-47 Thunderbolt, ka ga ƙaton cikin nan? Turbon yana can bayan matuƙi, bututu ya ɗauki hayaƙi daga gaba zuwa baya, wani ya dawo da iska daga baya zuwa gaba, duk ta ƙarƙashin kujera. P-38 Lightning mai inji biyu ya samu wurin sa nasa a cikin sandunan wutsiya. P-40 da P-39 ba su samu ba, sai aka bar injin Allison ɗinsu da fanka ɗaya, da zarar sun wuce mita 4,500 sai haki. Allison ba mugun inji ba ne, yana da juriya, yana da santsi, kuma a ƙasa-ƙasa yana ja. Shi ya sa P-39 ɗin da Ingilawa suka gwada suka ƙi, Rashawa suka karɓe shi hannu bibbiyu, domin yaƙinsu a ƙasa-ƙasa ake yin sa, kuma gwarzonsu Aleksandr Pokryshkin da shi ya yi yawancin nasarorinsa.

Merlin ma yana da nasa ciwon, kuma kai ɗalibin kanikanci za ka ji daɗin wannan. Kafiretonsa mai fulot ne, irin na tsohuwar mota. Idan matuƙi ya danna hancin jirgi ƙasa farat ɗaya, mai ya tashi sama a cikin kwanon, inji ya yi tari, daga nan kuma mai ya yi masa yawa ya shaƙe. Messerschmitt yana fesa mai kai tsaye cikin silinda, don haka Bajamushe in ya ga an matsa masa sai ya dulmiya ya tsere. Wata injiniya mai suna Beatrice Shilling, a cibiyar binciken jirage ta Farnborough, ita ta kawo sauƙi a farkon 1941 da ɗan ƙarfe mai huda a tsakiya, wanda ke taƙaita man da ke shiga. Cikakken magani ya zo ne da kafireto mai matsi na Bendix-Stromberg, kuma wannan na Amurka ne. Haka man jirgi mai lamba 100 da ya ba Merlin damar ƙara matsi a 1940, mai yawansa daga matatun Amurka da tsibiran Karibiyan aka kawo shi. Ka fara ganin yadda abin yake cakuɗe.

To ga Mustang ɗinka. A watan Afrilu na 1940 wakilan Birtaniya masu sayen makamai suka je wurin kamfanin North American suka ce ya ƙera musu P-40. Shugaban kamfanin, James Kindelberger, ya ce zai yi musu sabo wanda ya fi shi. Edgar Schmued, haifaffen Jamus, ya jagoranci zanen, aka gama gangar jikin cikin kwana 102, ya fara tashi ranar 26 ga Oktoba 1940. Ingilawa suka yi odarsa, su suka biya, su suka raɗa masa suna. Jikinsa ya fi na kowa santsi a iska. An mayar da lagireto ƙarƙashin ciki cikin wani bututu da aka tsara yadda iskar da ta ɗau zafi za ta fita da ƙarfi ta baya, ta biya mafi yawan jan da lagireton ke haddasawa, kuma wani Bature na Farnborough mai suna Meredith ne ya fara bayyana wannan lissafi tun kafin yaƙi. Amma da injin Allison ya zo, saboda haka Ingilawa suka ba shi aikin leƙen asiri da kai hari a ƙasa-ƙasa.

A ƙarshen Afrilu 1942 wani matuƙin gwaji na Rolls-Royce, Ronald Harker, ya hau shi a filin jirgin Duxford na Ingila. Da ya sauko sai ya rubuta cewa jirgin nan Merlin 61 yake nema. Aka gwada a Ingila a watan Oktoba, aka gwada a Amurka a Nuwamba. Kamfanin motoci na Packard da ke Detroit ya riga ya fara ƙera Merlin da izinin Rolls-Royce, kuma kafin yaƙi ya ƙare ya yi sama da 55,000. Da inji kusan iri ɗaya, Mustang ya ba Spitfire na 9 ratar kilomita 40 zuwa 50 a awa, ga shi kuma ya fi shi nauyi. Saboda haka jirgin da kake kurin na Amurka ne, zuciyarsa ta Ingila ce, kuma ba ita kaɗai ba. Na'urar saiti mai lissafa karkatar abokin gaba, wadda Amurkawa suka kira K-14, daga ta Ingila aka kwafe ta. Tankunan yarwa masu lita 400 da ya riƙa ratayawa, da takarda da gam aka riƙa yin su a Ingila, ana cika su daf da tashi domin mai yana jiƙa su cikin 'yan awoyi.

Me ya sa wannan aure ya zama babban al'amari? Janar-janar na Amurka sun shiga yaƙi da imanin cewa manyan jiragensu masu jefa bam, B-17 da B-24, za su kare kansu da rana tsaka da bindigoginsu. Ranar 17 ga Agusta 1943 suka kai hari garuruwan Schweinfurt da Regensburg na Jamus, suka rasa jirage 60. Ranar 14 ga Oktoba suka koma Schweinfurt da jirage 291, suka sake rasa 60. Kowane jirgi mutum goma ne a ciki. Spitfire yakan raka su zuwa gaɓar Faransa ko Holan ya juyo, Thunderbolt ya kai su bakin iyakar Jamus ya juyo, Jamusawa kuma suna can suna jiran lokacin da 'yan rakiya za su koma. Don ka gane nisan: iyakar da Spitfire zai je ya yi faɗa ya dawo kamar daga Kano zuwa Kaduna ce da ɗan ɗoriya, zuwa Berlin kuwa kamar ka tashi daga Kano ka je Legas, ka yi faɗa a samanta, ka dawo Kano ba ka sauka ko'ina ba. Mustang mai Merlin ya fara rakiya a Disamba 1943, kuma a watan Maris 1944 yana saman Berlin. Janar James Doolittle, da ya karɓi ragama a Janairu, ya saki 'yan rakiyar su bar manne wa ayari su bi jiragen Jamus duk inda suke, har filayensu. Cikin watannin nan Jamus ta rasa ƙwararrun matuƙan da ba ta sake samun madadinsu ba, kuma ranar 6 ga Yuni da aka sauke sojojin Ingila da Amurka da ƙawayensu a Normandy ta Faransa sama kusan babu mai gardama. Adalci ne a faɗa cewa a farkon wannan aiki Thunderbolt ya fi Mustang yawa, kuma shi ya fara karya ƙashin.

Kana iya tambaya, me ya hana a ƙara wa Spitfire mai? An yi, amma ga masu ɗaukar hoto. Waɗannan an cire musu bindigogi, aka cika gaban fukafukansu da mai, suka riƙa zuwa Berlin suna dawowa. Abin da ya hana a yi wa na faɗa shi ne ra'ayin manya. Tun Disamba 1939, da aka kakkaɓo jirage 12 cikin 22 a wani harin rana a gaɓar Jamus, Ingilawa suka karkata ga jefa bam da dare, inda ba a buƙatar rakiya. Shugaban rundunar samansu, Charles Portal, ya yi imani cewa jirgin da ya ɗauko man doguwar tafiya ba zai iya karawa da wanda ya tashi daga gida ba. Ba wauta ba ce, domin Mustang kansa idan tankin bayansa a cike yake ba ya juyuwa lafiya, sai matuƙi ya fara ƙona shi. Amma dai Mustang ya ƙaryata Portal. Ƙarancin man nan ya bi Spitfire har Ostireliya: ranar 2 ga Mayu 1943 a Darwin, bayan artabu da jiragen Jafan, da dama sun faɗi ne don tanki ya bushe kafin su iso gida.

Idan kuwa ka haɗa su gaba da gaba, matuƙa masu gwaninta ɗaya, a saman fili ɗaya, ni Spitfire zan hau. Ya fi hawa, ya fi juyi a ƙuntataccen wuri, kuma fiffikensa yana yi wa matuƙi gargaɗi da karkarwa kafin ya saki iska. Mustang ya fi nutsewa, ya fi riƙe gudu, kuma shi ke da zaɓin ya tsaya ko ya tafi. Amurkawa da kansu sun hau Spitfire: rundunarsu ta 4 daga 'yan sa kai da suka yi wa Ingila yaƙi aka kafa ta a Satumba 1942, kuma da aka ba su Thunderbolt da yawansu ba su yi murna ba.

Na taɓa tsayawa kusa da su a gidan tarihin jirage na Duxford, kuma abin da ido ya gani ya fi lambobi bayani. Spitfire ƙarami ne ƙwarai. Ƙofarsa wani ɗan murfi ne a gefen hagu, da ƙaramin ƙarfen ɓalle murfi maƙale a jikinta don ranar tsiya. Kafaɗun matuƙi suna gogar bango biyu, ƙarƙashin ƙafarsa babu daɓe, sai wayoyi da sanduna. Kan sandar tuƙi zobe ne, birki kuma ɗan hannu ne a jikin zoben kamar na keke, da iska yake aiki. Totur yana hagu, abin ɗaga tayoyi yana dama, don haka da zarar ya tashi sai ya sauya hannu, shi ya sa sabon matuƙi ake gane shi da rawar da jirgin ke yi bayan tashi. Tayoyin a matse suke, kuma in ya daɗe a ƙasa inji na aiki ruwa ya tafasa. Thunderbolt kuwa da lodi ya haura tan shida, kusan ninkin Spitfire. Ɗakin matuƙinsa da faɗi, da daɓe, birki a yatsun ƙafa, tayoyi a buɗe. An gina shi ne don saurayin da ya koyi tuƙi jiya, zai kuma zauna awa biyar a ciki.

Bindigogi ba za su ɗauke mu lokaci ba. Ingilawa sun fara da guda takwas masu harsashin milimita 7.7, irin na bindigar soja, harbin daƙiƙa 15 ya ƙare. Da Jamusawa suka sa sulke sai suka koma igwa mai milimita 20, wadda ta yi ta cijewa a 1940 kafin a shawo kanta. Amurkawa suka tsaya kan Browning mai milimita 12.7, shida a Mustang D, takwas a Thunderbolt, da harsasai masu yawa. Igwa ta fi ɓarna, amma Amurkawa ƙananan jirage suka fi fuskanta, kuma wannan ta ishe su.

Wajen kai hari ƙasa, a nan inji mai sanyaya da iska yake nuna kansa. Merlin da Allison da ruwa suke sanyaya, harsashi ɗaya ya huda bututu, farin hayaƙi ya biyo baya, cikin mintoci inji ya kama. Injin Thunderbolt, Pratt & Whitney mai silinda 18 a jere kamar tauraro, ba shi da lagireton ruwa, kuma an sha ganin sa ya dawo gida da silinda a fashe. Kishiyarsa a Ingila shi ne Typhoon, mai injin Napier Sabre mai silinda 24, igwa huɗu da rokoki takwas. An yi gaggawar sa shi aiki a 1941, wutsiya ta riƙa ɓallewa, hayaƙi mai guba na shiga wurin matuƙi har aka wajabta sa abin shaƙar iska tun daga tayar da inji. Da aka gyara shi ya zama dodon ayarin Jamus a Normandy, ko da yake binciken da aka yi bayan faɗa ya nuna tankokin da rokoki suka samu ba su kai yadda matuƙa suka ƙirga ba. Ƙanensa Tempest, mai siririn fiffike, a ƙasa da matsakaicin tsayi ba na jin akwai jirgin Ingila ko na ƙawayenta da ya fi shi a ƙarshen yaƙi.

A teku kam babu gardama, Amurka ta yi zarra. Ingilawa sun sa wa Spitfire ƙugiya suka kira shi Seafire, amma siraran ƙafafun nan ba a yi su don faɗowa kan jirgin ruwa ba. A Salerno ta Italiya, Satumba 1943, gommai sun lalace wajen sauka, ninkin ba ninkin waɗanda abokan gaba suka harbo. Wildcat da Hellcat na Grumman da Corsair na Vought tun farko don wannan aiki aka yi su, kuma rundunar ruwan Birtaniya da su ta dogara. Abin sha'awa, Corsair da sojan ruwan Amurka suka fara ture wa rundunonin tudu saboda dogon hancinsa na rufe wa matuƙi gani, Ingilawa suka datse bakin fukafukansa don ya shiga rumfunansu, suka riƙa saukowa da shi a karkace har ƙarshe don kada jirgin ruwan ya ɓace musu.

Ga hukuncina. Daga 1939 zuwa 1942 Ingila ce gaba, kuma da ta faɗi a 1940 babu filin da Mustang zai tashi daga cikinsa. Daga ƙarshen 1943 Amurka ta wuce, domin tana da jirgi mai kyau ga kowane aiki, a tudu da teku, kuma ta ƙera jiragen faɗa kusan 100,000. Abokinka ya yi gaskiya idan faɗan awa ɗaya ake nufi. Kai ma ka yi gaskiya a kan Mustang, amma hujjarka ce za ka canza, ka bar gudu ka kama tanki.

Maganar Kano kuwa gaskiya ce. Da Italiya ta shiga yaƙi a Yuni 1940 kuma Faransa ta faɗi, Bahar Rum ta zama hanyar mutuwa, zagayawa ta kudancin Afirka kuma watanni take ci. Sai aka riƙa kawo jirage cikin akwatuna zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yau, a haɗa su, su tashi zuwa Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda yanzu ita ce Njamena, su bi ta Janaina da Fashir a Darfur zuwa Hartum, su gangara bakin Nilu har Masar. Tafiya ce ta kusan kilomita 6,000, kamar kwana shida. Ta yiwu ne domin gwamnan Cadi, Félix Éboué, ya bi Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, a Agusta 1940, alhali Nijar tana hannun gwamnatin Vichy ta Faransa mai biyayya ga Jamus. Ayarin farko ya tashi a Satumba 1940, kuma tsarin shi ne jirgin Blenheim mai ɗauke da masanin hanya ya shige gaba, Hurricane kamar shida na biye. Daga baya P-40 suka biyo, sannan Spitfire, kuma zuwa ƙarshen 1943 jirage sama da 5,000 sun bi wannan hanya. A 1942 jirgin ruwan Amurka mai ɗaukar jiragen sama, mai suna Ranger, ya kawo P-40, suka tashi daga kansa suka sauka Accra, suka kama hanyar gabas. Jamusawa sun san darajar hanyar, har a Janairu 1942 wani jirginsu ya ratso Sahara daga kudancin Libiya ya ƙona ma'ajiyar mai ta Fort Lamy.

Duk wanda ya taɓa cire matatar iska ta jirgi a watan hunturu, ya buga ta a tafin hannu ya ga jar ƙura na zuba kamar garin yaji, ya san abin da makanikan wancan zamani suka sha. Ƙura tana cin zoben fistin kamar sandfefa. Dole aka rataya wa Hurricane da Spitfire wata ƙatuwar matata a ƙarƙashin hanci, ta rage musu gudu, kuma jirgi yakan isa Masar injinsa ya riga ya ci wani kaso na rayuwarsa. A can hamada, inda faɗa yake ƙasa-ƙasa kuma fili tsakuwa ne, P-40 da ake rainawa a Turai ya yi aikin da ba a manta ba.

Akwai kuma wata alaƙar. Mutanen Najeriya, har da masarautun Arewa, sun yi karo-karon kuɗi don sayen jirage, shi ya sa runduna ta 91 ta sojan saman Birtaniya ta ɗauki sunan Najeriya, kuma Spitfire take tuƙawa. A damunar 1944 tana da samfuri na 14, aka sa ta farautar bama-baman V-1 masu tashi da kansu zuwa Landan. Ranar 3 ga Agusta wani matuƙinta Bafaranshe, Jean Maridor, ɗan shekara 23, ya bi ɗaya ya harbe shi, sai ya ga yana gangarowa kan wata makaranta a Benenden, a kudancin Ingila, da aka mayar asibitin sojoji. Ya matsa daf da shi ya sake buɗe wuta. Bam ɗin ya fashe a sama, ya tafi da jirginsa, asibitin ya tsira. Saura kwanaki kaɗan ɗaurin aurensa.